Ranar da Gwaggo Ta Nemi Billena Ta Rasa

Ba zan taɓa mantawa da bikin jikata Asiya ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, matan ƙauyenmu ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga gidan suna ko gidan biki, sai wata ta hura kumatunta kafin ta gaishe ni. Na daina jin haushi. Gara dai in ba da labarin da bakina, domin wanda taubashiyata Kaltuma ke bayarwa kullum ƙaruwa yake yi. Bara na ji tana gaya wa wasu baƙi cewa fuskata ba ta shiga ƙofar ɗaki ba sai da na karkace.

Ni 'yar kasuwa ce. Ƙauyenmu yana bakin Bahar, wato kogin Nilu, kudu da Sinnar, inda kakanninmu suka sauke kaya bayan sun tako da ƙafa tun daga ƙasar Sakkwato. Da tallan turare na fara a kasuwar Sinnar, daga nan na koma sayar da tob, wato lulluɓin da matan Sudan ke naɗewa da shi. Tob ɗin nan shi ya kai ni Madani da Omdurman, ya kai ni Jidda da Dubai da Alƙahira, ya kai ni Njamena da Kano, har Istanbul na je ina rawar sanyi. Ina ciniki da Larabci iri-iri, ina jin Fulatanci, ina da ɗan Faransancin da ya isa in yi faɗa da direba a Njamena, kuma na iya cewa "ya yi tsada" da Turkanci yadda mai shago zai ji kunya. Na faɗi wannan ne don ku san ba rashin ganin duniya ya ja mini abin da ya same ni ba.

A yawon nan na kalli fuskoki da yawa. Na ga tsofaffin Omdurman da leɓensu na ƙasa shuɗi, wanda aka tsattsaga da allura tun suna amare. Na ga mutanen arewa da tsagensu a kwance, na ga wasu da nasu a tsaye. Na ga aikin wanzaman Kano da na Njamena. Darasi ɗaya na ɗauko daga duk wannan kallo: abin da aka yi wa fuska ya zauna ke nan, da shi za a shiga kabari. Ku riƙe wannan, domin shi ya kusa hallaka ni.

Mu ma gidanmu muna da namu. Bille ne guda a kuncin hagu, ya taso daga gefen hanci ya gangaro, da 'yan gajeru a ƙarƙashinsa. Da shi kakanninmu suka zo daga yamma, kuma ɗiyan maza ne ke gadonsa. Bayan tsarata aka daina yi wa yara. A lokacin da nake ba ku labari, mu biyu kaɗai muka rage da shi a duniya: ni da Gwaggo Dije, yayar mahaifina, wato uwar Kaltuma. (Kaltuma ba ta da shi, don ita ta gidan ubanta ce. Tun muna yara take cewa kaza ce ta yage ni.)

Gwaggo ta tsufa ƙwarai. Idonta ya tafi, hannunta yana rawa, amma bakinta lafiya lau. Ba ta gaisawa da kowa sai ta shafa fuskarsa. Kuma a wurinta tsakiyar gidanmu take, wani dutsen ado ja mai ratsin fari wanda kakarta ta ɗauro a ƙugu tun daga Sakkwato. Duk amaryar da za ta bar gidanmu, ranar jirtik, wato ranar da ake zaunar da ango da amarya a sa musu albarka, ana zura tsakiyar a jan zaren alharini a ɗaura mata a wuyan hannu, ta yi kwanakin amarci da ita, sannan a dawo da ita. Jirtik ɗin a wurin maƙwabtanmu Larabawa muka aro shi, tsakiyar kuwa tamu ce. Ba mai ɗaura ta sai tsohuwa mai billen gida. Da aka sa ranar Asiya, Gwaggo ta aika mini cewa yatsunta sun daina ƙulla zare, don haka ranar sa lalle za ta danƙa mini tsakiyar a gaban mata, ni in ɗaura wa amarya, ni kuma in ci gaba da riƙo.

Na yi murna. Sai dai akwai abin da ke cin raina. A bikin da ya gabata an ɗauko mai bidiyo, kuma bidiyon nan ya zaga wayoyin dangi tun daga Dindir har Jidda. Na kalli kaina a ciki ina guɗa, na ga kumatuna sun lotsa, fuskata ta motse kamar busasshiyar kuɓewar da ake daka weka, garin miyarmu, da ita. Na ce a raina, yanzu haka za a ɗauke ni ina ɗaura tsakiya, jikoki da tattaɓa-kunne su yi ta kallo har abada?

Ina cikin wannan tunani na tafi Alƙahira saro kayan amarya. A can na sauka wurin ƙawata Nawal, 'yar Omdurman, wadda muka daɗe muna haɗa kaya. Ta girme ni, amma na tarar da fuskarta sumul kamar ta amarya da ta fito daga gyaran jiki. Na ce, "Nawal, me kike ci?" Ta yi dariya ta ce, "Ba ci ake yi ba, habibti. Fila ce." Washegari ta ja ni wurin wata likita a hawa na sama na wani dogon bene.

Likitar yarinya ce mai ladabi. Ta nuna mini sirinji ɗauke da wani ruwa mai kauri, garai-garai kamar ƙaro da aka jiƙa. Ta ce sunansa hayaluronik asid, jikin mutum ma yana yin irinsa a fata da gaɓoɓi, tsufa ne ke rage shi. Aikinsa riƙe ruwa, shi ya sa yake cika wurin da ya lotsa. Ta ce jiki zai shanye shi a hankali, wani cikin watanni, wani ya fi shekara. Ta ce kwanakin farko zan kumbura kaɗan, in guji rana da zafi. Sannan ta ce, "In kuma bai yi miki ba, ya Hajja, akwai wata allura da ke narkar da shi."

A nan na yi murmushin 'yan kasuwa. Shekara nawa ina ce wa mata, "In bai yi miki ba ki dawo da shi," alhali na san wadda ta kai tob gida ta ɗinke bakinsa ba ta dawowa? Na ce a raina, yarinyar nan ta iya talla. Wa ya taɓa jin an zuba abu a cikin nama an kwashe? Na watsar da maganar tun kafin ta rufe baki.

Ta yi aikinta, ta miƙo mini madubi. Wallahi ya yi kyau. Da na tashi a nan na tafi, da babu labari. Amma idona ya faɗa kan sirinjin, na ga da saura a ciki.

Ni kuwa tun da nake ba a taɓa auna mini gero ban ce a sa gyara ba. Mai tumatir ya san ni, mai gawayi ya san ni. A Dubai na taɓa sa wani Ba'indiye ya ƙara mini ɗan yadi, yana rantsuwa bai san wannan al'ada ba. Na ce, "Diktora, wancan sauran na waye?"

Ta ce, "Ya isa haka, ya Hajja. Fuska ba ta son a cika mata."

Na ce, "Mu a wurinmu ba a rufe ciniki sai da gyara."

Nawal ta yi ta hararata, ban kula ba. Likitar ta ƙi, na nace, ta ƙi, na nace. Ku da kuka taɓa ciniki da tsohuwar Bahaushiya kun san wanda ke gajiya. Daga ƙarshe ta juya fuskata ta ce, "To, sai dai wannan tabon na hagu, in ɗaga shi ya daidaita da fata." Tabo ta ce. Billen kakannina ta kira tabo. Kalmar ta soke ni, amma gyarana nake so, na miƙa kunci.

Na hau jirgi zuwa Khartum, na hau bas zuwa Sinnar, a tsakiyar bazara, kujerata a gefen da rana ke duka. Duk abin da aka ce in guje wa, na yi shi. A inda muka tsaya cin abinci na ci kifi mai gishiri, na bi shi da zoɓo kofi kan kofi. Abin da aka ce aikinsa riƙe ruwa kuwa ya samu aiki. Muna wuce garin Haj Abdalla na duba fuskata a waya, na ga kuncin dama ya cika, na hagu kuma kamar na ɓoye gwaba a ciki. Billen yana nan a ido, layi siriri, amma da na shafa sai na ji sumul. Kwarinsa ya tafi. Na ja gefen tob na rufe hanci da baki, na bar ido kawai.

Haka na shiga gida, gida cike da mata, ana tuyar kisra ana dakan turare. Na ce mura nake yi. Da wata ce da ta ƙyale ni, amma Kaltuma ce ta tare ni. Ta rungume ni tana bubbuga kafaɗata, "Hajiyar jirgi! An dawo?" Sai kawai ta fizge tob ɗin.

Mai tuya ta bar kisra tana ƙonewa.

"Zuma ce," in ji Kaltuma. "Zumar Masar ta harbe ta."

"Haƙori ne," in ji wata.

Wata maƙwabciyarmu ta matso ta leƙa ta ce, "Ku ba ku san ciwo ba. Hangum ne."

Hangum, ciwon yara, a kan mace mai jikoki! Amma da na auna hangum da gaskiya, sai na ga hangum ya fi sauƙin ɗauka. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ma shi nake zato." Nan take aka kwashe yara daga kusa da ni. Aka ɓamɓaro gidan zanzaro daga bango, aka jiƙa, aka shafe mini kumatu da shi. Na zauna a kan angarib, wato gadonmu na igiya, da laka a kan aikin likitar Alƙahira, mata suna wucewa suna "Sannu, Hajiya, Allah ya sawwaƙe." (Na zaga ƙasashe, na ga mata suna shafa laka a fuska a manyan shagunan gyaran jiki na Dubai. Ban taɓa ganin wadda ta haɗa laka da allura a mako ɗaya ba sai ni.)

Na yi ta kauce wa ɗakin Gwaggo da sunan kada in shafa mata ciwo. Amma ranar sa lalle ta zo, ba wurin ɓuya. Aka yi shimfiɗa a tsakar gida da la'asar, matan ƙauye kaf, da dangin ango da suka zo daga Dindir, da mai bidiyo da na'urarsa. Aka fito da Gwaggo aka zaunar. Ta kwance gefen zanenta ta fito da tsakiyar, aka rangaɗa guɗa. Ta ce a kira mata ɗiyar ƙanenta.

Na wanke lakar, na durƙusa a gabanta na gaishe ta. Ta amsa da fara'a, ta ɗora hannu a goshina, ta gangaro kan hanci, ta bi kuncin hagu. Yatsanta ya tsaya. Ya koma sama, ya sake gangarowa. Ta gwada kuncin dama, ko ta yi mantuwa. Ta dawo hagu ta danna, kamar mai duba mangwaro.

"Wa an nan?" in ji ta.

"Ni ce, Gwaggo."

"Muryar tamu ta. Huskar ba tamu ba ta."

Kaltuma ta ce, "Inna, hangum take yi."

"Hangum ƙarƙashin kunne shike kamu, ni da niy yi jinyarku duka. Kuma ban taɓa jin hangum ya cinye bille ba." Ta ja hannunta ta dunƙule tsakiyar. "Aljannu ma suna aron murya. Ke baiwar Allah, in mutum ce ke, hwaɗi abin da kin ka yi da billen ubanki."

Wasu suka fara a'uziyya. Wata daga dangin ango ta ja ɗanta baya. Na duba hagu na duba dama, na ga hanya biyu ce kawai: ko in zama aljana a gaban surukai, ko in faɗi gaskiya. Na faɗa. Na faɗi bidiyo da busasshiyar kuɓewa, na faɗi Nawal da dogon bene da ruwa mai kama da ƙaro. Ana ta saurare, wasu har da tausayi. Sai Kaltuma ta ce, "To me ya sa na hagu ya fi na dama?"

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gyara na roƙa."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba, ko a kasuwar Omdurman. Kaltuma ta faɗi a kan tabarma tana riƙe ciki. Uwar ango, mace mai kamun kai, ta cusa gefen tob a baki, kafaɗunta suna rawa. Maƙwabciyar da ta jiƙa gidan zanzaro ta ce a biya ta zanzaronta da ta raba da muhalli. Mai bidiyo kansa sai da ya sauke na'ura ya share hawaye. Ni kuwa ina durƙushe, kumatuna suna sheƙi.

Gwaggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta mayar da tsakiyar gefen zane, ta sa haƙori ta ja ƙullin. Ta ce, "Kakata ta ce a ba mai bille. Ba ta ce a ba mai murya ba. Ku kai ni ɗaki."

A nan dariyar ta mutu. Kowa ya gane abin da ake ciki: Gwaggo ba ta iya ɗaurawa, ni ba a yarda da ni ba, babu ta uku. Asiya za ta zama amaryar farko da za ta bar gidanmu hannu wayam tun da kakanninmu suka sauka a bakin Bahar. Kuma a sanina, abin da aka yi wa fuska ya zauna. Na ɗauka na shafe billen ubana da hannuna, saboda ragowar sirinji.

Da safe na tafi ba amarya haƙuri. Na same ta a kan ramin duhan, wato turaren itacen da amare ke zama a kansa, an lulluɓe ta da bargo har wuya, kai kawai ke waje, gumi yana zuba. Asiya a Madani ta yi karatun haɗa magunguna. Na zauna a gefe na fara, "Jikata, na cuce ki." Ban kai ƙarshe ba na ga bargon yana girgiza. Na ɗauka kuka take yi. Dariya ce.

"Haboba," ta ce (haka jikokinmu ke kiran kaka yanzu), "wace iri aka sa miki?"

Na faɗi sunan yadda na iya.

"To ai wannan narkewa take yi. Akwai allurarta. Ba a gaya miki ba?"

"An gaya mini. Na ɗauka talla ce."

Bargon ya sake girgiza har hayaƙi ya fita ta gefe. Ta ce, "Ba kowa ne ke sayar da tob ba, Haboba. Ki tafi Khartum yau, jirtik da sauran kwana. Amma wurin likitar fata ta gaske za ki, ba wurin mai gyaran gashi ba. Kuma ki tafi da Inna Kaltuma, kada ki roƙi wani gyaran."

Haka muka hau bas ni da Kaltuma, tana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da mu cewa za ta kai ni a sace mini iska kamar tayar raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku.

Likitar Khartum ba ta taɓa ni ba sai da ta tabbatar da abin da ke cikin kumatuna. Na kira Nawal, Nawal ta haɗa ta da likitar Alƙahira, suka yi maganarsu ta likitoci. Da ta ajiye waya ta ce, "Kin yi sa'a, ya Hajja. Wannan irin ne kaɗai ke da makari. Akwai waɗanda ake zuba wa wasu abubuwa masu arha da ba sa narkewa, sai dai tiyata, wani lokaci tiyatar ma ba ta fitar da su duka." Na tuna wata mata da muka gani a ɗakin jira da ƙulu-ƙulu a leɓe. Ta ce allurar tana tsinka ruwan ne ya koma tsululu, jiki ya kwashe shi.

Sai ta tambaye ni, "In zuma ta harbe ki, jikinki yana tashi sosai? Numfashi yana sarƙewa?"

Kaltuma ta tafa hannu. "Diktora, Allah ya yi miki albarka! Tun ranar da ta sauka na ce zuma ce!"

Likitar ta yi bayani cewa a dafin zuma akwai ɗan'uwan wannan magani, don haka wanda jikinsa ba ya shiri da zuma sai an yi hattara da shi. Kaltuma ba ta ji wannan ba. Har gobe a labarinta likita ta tabbatar da zuma ce. Aka ɗiga mini kaɗan a fatar hannu, muka jira, ba abin da ya tashi. Sannan ta shiga kumatun. Da zafi, kamar an shafa barkono a cikin nama, tana yi tana murzawa. Ta tambaye ni ko a bar na dama tunda shi ya yi kyau. Na yi tunanin bidiyo, na yi tunanin yatsan Gwaggo yana gwada nan yana gwada can. Na ce ta kwashe duka. Da ta gama, Kaltuma ta leƙa sirinjin ta ce, "Hajiyar jirgi, ga saura fa." Na ce ta sha.

Tun kafin mu fita na ji kuncin ya fara saki. Muka kwana wurin 'yan'uwa. Da na tashi sallar asuba, ina alwala, yatsana ya faɗa cikin wani ɗan kwari da ya saba da shi tun ina yarinya. Na tsaya da ruwa a hannu. Na bi shi tun daga gefen hanci har ƙasa, na ƙirga 'yan gajerun, ba wanda ya ɓata. Ban san ina son billen nan ba sai ran nan. Na tashi Kaltuma na ce ta shafa. Ta shafa ta ce, "Kazar ta dawo," amma na ga idonta ya kawo ruwa.

Muka iso gida ranar jirtik, an riga an shimfiɗa jan ƙyalle a kan angarib, an jera tasoshin turare, an kawo madarar da ango da amarya za su fesa wa juna. Fuskata ta koma kuɓewarta, har da ɗan shuɗi-shuɗi inda allura ta shiga. Ban rufe ba. Na ratsa mata na durƙusa gaban Gwaggo, na kama hannunta na ɗora a goshina.

Ta gangaro kan hanci. Ta bi kuncin hagu. Yatsanta ya shiga billen ya bi shi a hankali har ƙarshe, ya koma ya sake bi.

"Ɗiyar ƙanena," ta ce. "Sai yau? Ina kin ka tsaya?"

"Hanya ce, Gwaggo."

"Wata ta zo nan da muryarki, huska kamar tulu, tana son tsakiya. Na kore ta."

"Kin yi daidai, Gwaggo."

Ta kwance gefen zane ta sa mini tsakiyar a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kanta da nata masu rawa. Guɗar da aka yi, na tabbata an ji ta a ƙetaren Bahar. Kafin in tashi ta jawo kaina ta raɗa mini, raɗar tsofaffi wadda duk tsakar gida ke ji, "Wanga ruwa, da gaske in an sa ana iya hidda shi?" Na ce da gaske. Ta ce, "To bikin gaba ki kai ni a sa mini kaɗan. In ban so ba, a hidda." Sannan ta saki dariyar da ta riƙe tun ranar lalle, babu haƙori ko ɗaya a bakinta.

Na ɗaura wa Asiya tsakiya da hannuna. Ita ta riga ango fesa madara, muka yi ta ihu. Bidiyon ya zaga dangi kamar yadda na ji tsoro, kuma ina ciki, kumatu a lotse, bille a fili, baki har kunne. Na kalle shi ya fi a ƙirga. Ban ga kuɓewa ba, Gwaggo na gani a fuskata, lokacin tana da sauran ƙarfi.

Ba na zagin fila. Nawal tana nan tana yi, kuma tana yi mata kyau. In wata ta tambaye ni, ina ce mata ta nemi likita ta gaske, ta tambayi sunan abin, ta tabbatar mai narkewa ne kafin ta miƙa fuska. Ni dai na koyi cewa wani lokaci in mai sayarwa ya ce ana iya dawowa da kaya, gaskiya yake faɗi, abin da ya ba ni mamaki ƙwarai a matsayina na mai sana'ar. Gyara kuwa ban daina roƙa ba, mai tumatir shaida ne. Sai dai yanzu kafin in buɗe baki ina duba abin da ke hannun mutum. In mudu ne, bismilla. In allura ce, abin da ya auna ya ishe ni.